Koren da Ya Tsaya a Wayar Jaji

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a gefen ɗaya daga cikin kanal ɗin da ke kawo wa masu noman rani ruwa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma yana da 'ya'ya. Injiniya ake ce masa, mu ma haka za mu kira shi.

Ya yi karatun kwamfuta a birni ya dawo gida. Sana'arsa gina wa mutane shafuka a intanet. Ya yi wa masu injin casar shinkafa, ya yi wa wata makaranta a Kumbotso. Ban da wannan yana da gonar albasa da ya gada. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, a sahun gaba yake salla. Da za ka tambayi mutanen garin a lokacin wa suke ganin zai lalace, sai su lissafa maka mutum ashirin ba su zo kansa ba.

Kanal ɗin garin kashi uku ne. Akwai Kan Ruwa, inda gonar Injiniya take a wani ɗan kwari. Akwai Tsakiya. Akwai Wutsiya can ƙarshe, inda ƙasar take da yashi, ruwa kuma sai ya gaji yake isa. Kan Ruwa suna da Asabar da Lahadi, Tsakiya Litinin da Talata, Wutsiya kuwa Laraba, Alhamis da Juma'a.

Mai buɗe ƙofofin ruwan wani dattijo ne, Jaji, aminin mahaifin Injiniya. Shi ya yi wa Injiniya huɗuba ranar da aka haife shi. Shekara talatin yana juya ƙarfen ƙofa. An ce da kunne yake gane yawan ruwa, ko bai leƙa ba. Ba shi da gona babba, ba shi da shanu. Abin da ya mallaka a duniya shi ne a ce Jaji ba ya ƙarya.

Amma ruwa abin rigima ne. Duk rani sai wani ya ce an rage masa yini, wani ya ce an fifita surukin wane. Da abin ya ishi shugaban ƙungiyar manoman, Alhaji Amiru, sai ya kira Injiniya ya ce a sa jerin ruwan a shafi, kowa ya gani a wayarsa, a huta. Aka saya wa Jaji babbar waya. A ƙofar mai unguwa, gaban jama'a, Jaji ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, ya rantse ba zai ƙara buɗe ƙofa da ra'ayinsa ba. Inda waya ta nuna, nan ruwa zai tafi.

Ga yadda abin yake, kamar yadda aka yi mini bayani sau uku kafin ya zauna mini. Wata 'yar manhaja Injiniya ya rubuta ya liƙa wa shafin, kamar yadda ake ɗaura wa keke kwando. A cikin shafin kuma ya rubuta kalma ɗaya tak tsakanin baka biyu: ruwa. In mutum ya buɗe shafin, ba kalmar zai gani ba. Manhajar ce za ta ji an kira ta, ta zo ta tsaya a gurbin kalmar, ta shimfiɗa jerin mako, sashe uku a jere, Kan Ruwa a sama, Wutsiya a ƙasa, ta shafa wa mai ruwan yau kore. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki. Kalma mai harafi huɗu, amma gonaki sama da ɗari suna rataye a jikinta.

A ƙasan jerin ya bar wani akwati, inda kowa zai iya rubuta sanarwa: kanal ya fashe a wuri kaza, an tsinci tunkiya. Duk abin da aka rubuta, gajeruwar kalmar nan ce ke kwaso shi ta haɗa da jerin. To, masu wannan sana'a suna da ƙa'ida. Duk abin da ya fito daga hannun mutane sai an tace shi kafin ya shiga shafi, kamar yadda mata ke tace gasara. Domin akwai rubutun da mutum ke karantawa, akwai kuma wanda na'ura ke karantawa ta ɗauke shi umarni. In babu matata, na'ura ba ta bambanta muryar maigidanta da ta mai wucewa. Injiniya ya san wannan sarai. Bai sa matatar ba. Aikin rabin yini ne, ya ce sai ya sami sarari.

Abu na biyu. Sabis a bakin kanal ba shi da ƙarfi, shafi ya yi ta juyawa bai buɗe ba. Sai ya yi dabara. Ya sa kowace waya in ta ɗebo shafin sau ɗaya ta ajiye shi a cikinta kwana bakwai, kamar ruwa a randa. Kwana bakwai ba za ta koma rijiya ba, daga randar za ta riƙa ba ka. Jerin mako yana ciki, wayar da kanta ke matsar da koren kowace safiya. Shafi ya koma buɗewa nan take. Aka yi ta sa masa albarka.

Jaji yana da 'ya, Malama Binta, tana aure a Kura, tana koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata. Tare suka tashi da Injiniya. Wata rana ta zo gida ta tare shi a zaure.

“Yaya Injiniya, ƙofar bayanka a buɗe take. Jiya a kwamfutar makaranta na rubuta wa akwatin nan naka ya mai da rubutu ja, ya kuwa mayar. Ni da ba kowa ba.”

“Malama Binta, wa zai yi haka a garin nan? Hambali na Wutsiya? Hambalin da lambar matarsa ma sai an nemo masa?”

“Randar fa? In kanal ya fashe Lahadi, sai wata Lahadin za a ji?”

“Kafin waya ta faɗa, masu shayi sun kai labari Bunkure. Zan gyara.”

“Yaushe?”

“Ranar da ɗalibanki suka wuce kunnawa da kashewa.”

Ta yi dariya, ta goge abin da ta rubuta, ta koma Kura. Bai gyara ba.

Ya 'yan uwa, ku lura da nan. Da farko kasala ce kawai. Daga baya, in ya tuna da ƙofar nan sai ya ji wani ɗan sanyi a ransa. In ya canza jeri ta ƙofar gaba, shafin zai rubuta sunansa, Alhaji Amiru ya gani. Ta akwatin nan kuwa babu suna. Bai yi niyyar shiga ba. Ya dai ji daɗin cewa tana nan. Wane ne a cikinmu ba shi da irin wannan ƙofar? Wadda bai shiga ba, bai kuma rufe ba?

Shekara biyu ta wuce lafiya. Aka daina zargin Jaji. Fuskar wayarsa ta tsage, haskenta ya ragu, ba a ganin komai a rana. Don haka kullum da ƙarfe bakwai sai ya hau 'yar gadar da ke kan ƙofar ruwa, ya cusa kansa cikin rigarsa, ya duba kore a cikin duhu, ya fito ya juya ƙarfe. Masu wucewa suka saba ganin mutum tsaye a kan gada ba kai.

A shekara ta uku bazara ta yi tsanani, ruwa ya ja baya. Albasar Injiniya ta kusa isa cira. Ta sha Asabar da Lahadi, amma ranar Talata da yamma ya tsuguna ya taɓa ƙasa ya ji ta bushe. Ya ce a ransa, da za ta ƙara sha sau ɗaya da ta yi kai. Yini ɗaya. Wutsiya suna da kwana uku, in an rage ɗaya ba za su mutu ba.

Laraba da safe, bayan ya sha koko, ya buɗe akwatin sanarwa ya rubuta layi biyu irin wanda na'ura ke ji. Ya ce kore ya tsaya a Kan Ruwa. Bai faɗi har zuwa yaushe ba, tunda shi zai goge da hannunsa. Ƙarfe bakwai Jaji ya cusa kai a riga. Ƙarfe bakwai da kwata ruwa ya juyo Kan Ruwa. Ƙarfe takwas Injiniya ya goge rubutun, ya duba kwamfutarsa, ya ga kore ya koma Wutsiya. Ya ce shi ke nan, an gama.

Ya manta da randa. Shi da ya gina ta ya manta da ita, domin mai shafi ba daga randa yake sha ba, kullum sabo ake kawo masa. Kuma ku dubi ikon Allah. A wannan safiyar ce kwana bakwai na wayar Jaji suka cika, ta koma rijiya ta ɗebo. Da wata rana ce, da wayar ba ta ma tambaya ba, da zunubin ya tsaya a niyya. Ta ɗebo ƙaryar tana da ɗumi, ta rufe baki a kanta.

Mutanen Wutsiya yawancinsu ƙananan wayoyi ne da su, masu tocila. Da hantsi Hambali ya zo bakin gada, laka ta bushe a ƙafarsa.

“Baba Jaji, yau Laraba.”

“Na sani. Kore yana Kan Ruwa.”

“Mu gani.”

“Alƙur'anin da na dafa bai ishe ka ba, sai ka shiga rigata?”

Hambali ya ji kunya ya juya. Jaji ya kira Alhaji Amiru, wanda yake Kano a wajen jinya. Alhaji ya ce a bi waya, in da matsala a tambayi Injiniya.

Alhamis da safe Injiniya ya je gona ya tarar da ruwa yana shigowa. Kanal ɗin Kan Ruwa ya cika ya tumbatsa, yana gangarowa kwari, kwarin kuwa gonarsa ce. Ya tsaya yana kallo. Sai ya ji ana kiransa daga kan gada.

“Ɗana, zo ka duba mini. Kwana biyu koren nan bai matsa ba.”

Jaji ya ɗaga rigarsa. Injiniya ya sunkuya ya shiga. Kai biyu a riga ɗaya, warin zufa da na goro, ga wayar a tafin tsohon tana ɗan haske. Kore yana sama. A nan ya tuna da randa.

Ya 'yan uwa, me ya rage masa? Ya ce, Baba ba ni in gyara. Magana ce da ba ta kai numfashi ɗaya ba. Amma a cikin duhun rigar ya yi lissafi. In ya gyara, Jaji zai gaya wa Alhaji na'ura ta yi kuskure. Alhaji zai tambayi dalili. Binta za ta ji. Binta kuwa ta san ƙofar.

Ya ce, “Na'ura ba ta kuskure, Baba. Wataƙila gyara ake yi a ƙasa, aka canza daga sama.”

“To. Tunda kai ma ka gani, hankalina ya kwanta. Amma dashen mutanen nan yana ba ni tausayi. Jiya na bi ta wajen, shinkafar ta fara naɗe ganye.”

Injiniya ya fito daga rigar. Rana ta doke masa ido. Ya ce gobe zai san dabara. Ya koma gida ya ci tuwo, bai ji ɗanɗanonsa ba, ya cinye.

A ranar da yamma Hambali ya shiga Kura sayen taki. A shagon ya roƙi mai shago ya buɗe masa shafin a wayarsa. Kore yana ƙasa, a kan Wutsiya. Ya sa wani ma ya buɗe. Wutsiya.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a ƙofar mai unguwa. Kwana bakwai ke nan Wutsiya ba ta ga ruwa ba, a kan yashi, a tsakiyar bazara. Dashen shinkafa ya ƙone. Tumatir ya zubar da fure. Akwai wata mata da mijinta ya rasu, ta zo da damin dashenta a zane ta ajiye a gaban mai unguwa. Mutane uku suka ɗaga wayoyinsu, duka Wutsiya.

Jaji bai girgiza ba. Ya zaro wayarsa daga aljihu.

“Ba sai mun yi dogon zance ba. Ga ɗana nan. Jiya tare muka gani. Karɓi, nuna musu.”

Abin da Injiniya ya kwana yana nema ya zo hannunsa, mai shi ne ya miƙa masa. Ya juya baya kamar mai neman inuwa. Babban yatsansa ya san hanya. Ya zubar da randar. Wayar ta koma rijiya, a ƙofar mai unguwa kuwa akwai sabis. Bai kai minti ɗaya ba. Ya shiga zaure inda ake gani, dattawa suka biyo shi, ya ɗaga wayar.

Kore yana kan Wutsiya.

Jaji ya matso ya duba. Ya goge idonsa da gefen rawani ya sake dubawa.

“Ɗana, jiya fa?”

“Baba, ni jiya ma haka na gani. Na yi shiru ne don kar in kunyata ka.”

Babu wanda ya taɓa Jaji. Ko Hambali bai ɗaga murya ba. Wani daga baya ya ce mutanen Kan Ruwa sun daɗe suna kai masa buhu, wani ya ce a'a, tsufa ne. Jaji ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ce, “To, idona ne.” Ya ciro ƙarfen ƙofa daga kafaɗarsa ya jingine a bango, ya sa takalminsa, ya tafi. Washegari ya tashi da azumi. Kwana uku ya yi, kaffarar rantsuwar da bai karya ba.

A wannan Asabar ɗin Injiniya ya zauna ya sa matata, ya rage kwanakin randa. Rabin yini ya ɗauke shi, kamar yadda ya ƙiyasta tun farko.

Binta ta zo daga Kura. Ta ce wa mahaifinta akwai abin da take zargi. Jaji ya ce, “Kar ki ɗora wa ɗan mutane laifin tsufana. In kin ƙara, ban yafe ba.” Ta je ta gwada akwatin, ta tarar an rufe. Ta haɗu da Injiniya a hanya, ta gaishe shi, ya amsa. Ta dube shi, ya dubi babur ɗinsa.

Ya zauna yana jiran ya ji wani abu. Tsoro, ko nadama, ko daɗin tsira. Babu wanda ya zo. Albasar da ta kwana uku a ruwa ya cire ta, daga waje kyakkyawa, manyan kai kamar yadda ya so. Bayan mako biyu a rumfa ta fara ruɓewa daga ciki. Ya riƙa ɗaukar ɗaya ya matsa, ruwa ya fito ta wuya, ya ajiye, ya ɗauki wata. Warin ya cika unguwa. Ya sa aka kwashe aka zubar, yana tsaye kamar kayan wani ne. Yana zuwa masallaci, yana tsayawa a sahun gaba. In an yi sallama ba ya tuna surar da aka karanta.

Ya 'yan uwa, kada ku ɗauka rashin jin zafi lafiya ce. Ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta ma ba ta jin zafi.

Shi kuwa Jaji, wani abu ya same shi wanda ban taɓa jin irinsa ba. Ya daina yarda da idonsa. Likita ya duba ya ce idon lafiya lau, ya fi na wasu samari. Jaji ya ce likitan yana da kirki. In zai tsallaka titi sai ya tambaya ko motar da yake gani tana nan da gaske. In an ajiye masa abinci sai ya shafa kwanon tukuna. Ya kan nuna bishiyar darbejiya a ƙofar gidansa ya ce wa matarsa, “Wannan da nake gani kore, ke ma kore kike gani?” In ta ce e, sai ya ce, “To, yau mun dace.” Daga baya ya daina fita.

Aka yi ruwan farko. Akwai wani Bafulatani, Ibrahimu, da ke zaune a bayan Wutsiya, yana shayar da shanunsa a inda ragowar ruwan kanal ke zuba. Tun tsakiyar bazara ya yi kudu da shanu, sai yanzu ya dawo. Ranar kasuwar Bunkure ya ci karo da Hambali a wajen masu gishiri.

“Kaɗo, har yanzu ba a ba ku ruwa ba? Me kuka yi wa Jaji?”

“Wane ruwa kuma, ana damina?”

“Wayata ce ke ba ni tausayinku. Ranar da zan tafi, wata Laraba da safe, na buɗe in ga ko ruwa zai zo, na ga babu, na kaɗa shanu. Tun ranar ban sa mata data ba. Kullum in na duba, kore na Kan Ruwa. Na ce lallai mutanen Wutsiya sun zama kilishi.”

Hambali ya karɓi wayar. Ya kare ta da hularsa. Kore yana sama.

Wayar da ba ta da hanyar komawa rijiya, abin da ke randarta take ta bayarwa, wata biyu da rabi. Sa'a ɗaya tak ƙaryar ta yi a shafi. Waya biyu suka ɗebo a wannan sa'ar. Injiniya ya zubar da ɗaya. Ɗayar tana daji a aljihun makiyayi, tana bin shanu.

Hambali bai koma gida ba, Kura ya wuce. Binta ta buɗe cikin shafin da ke ajiye a wayar, ta ga layi biyun nan kwance, da ranarsu da sa'arsu. Babu suna. Ba ta bukaci suna ba.

Aka sake taruwa a ƙofar mai unguwa, Alhaji Amiru yana nan. Jaji bai zo ba. Binta ta tsaya daga bakin zaure, ta ajiye wayar Ibrahimu a kan tabarma. Tambaya ɗaya ta yi.

“Yaya, ranar Alhamis da ka shiga rigar Baba, me ka gani?”

Yana da hanyoyin zillewa. Zai iya cewa wani ne ya shiga ta akwatin. Amma ya gaji, ko kuwa babu sauran abin da zai kare. Ya ce, “Kore a sama.” Suka ce ranar Juma'a fa? Ya faɗa. Suka ce wa ya rubuta? Ya faɗa. Muryarsa ba ta rawa, kamar mai karanta sanarwar tsintuwar tunkiya.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Aka karɓe shafin aka ba Binta. Masu injin casa suka ji, suka karɓe nasu, domin wa zai bar ƙofarsa a hannun wanda ke ajiye wa kansa ta baya? Mai unguwa ya yanke hukunci gonar Injiniya ta koma hannun mutanen Wutsiya su noma har su fanshe asararsu. Matarsa ta kwashi yara ta tafi ganin gida, ba ta dawo ba. Duk wannan ya karɓa kamar yadda ya karɓi albasar.

Abu ɗaya ya rage da yake so. Ya san abin da duk muka sani, cewa hakkin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe. Ya tafi gidan Jaji. Ya same shi a zaure, a kan buzu, yana fuskantar bango. Ya durƙusa ya faɗa masa komai, tun daga taɓa ƙasa ranar Talata har babban yatsa ranar Juma'a.

Jaji ya saurara har ƙarshe. Sannan ya lalubo kansa ya dafa.

“Binta ce ta sa ka, ko? Kana so ka ɗauke mini kunya ka ɗora wa kanka. Haka ubanka yake.”

“Baba, wallahi ni ne. Idonka lafiya yake. Ka yafe mini.”

“Me zan yafe? Wanda ya rufa maka asiri ai godiya ake masa.”

Aka kirawo Binta, ta zo da wayar Ibrahimu. Ta ce, “Baba, duba da kanka.” Ya ƙi. Ta roƙe shi. Daga ƙarshe ya karɓa, ya cusa kansa cikin riga kamar da. Ya daɗe a ciki. Da ya fito sai ya miƙa mata wayar yana ɗan murmushi.

“Kin gani ko? Har yanzu a sama nake ganinsa. Ciwon yana nan.”

Injiniya ya koma washegari. Ya koma bayan mako. Ya zo da liman, ya zo da Hambali, ya zo da mai unguwa. Kowa ya rantse wa Jaji. Jaji ya ce garin nan akwai mutanen kirki. Duk zuwan da Injiniya ya yi neman gafara, albarka yake komawa da ita. Kafin a yanke shinkafar damina Jaji ya rasu. Matarsa ta ce daga cikin maganarsa ta ƙarshe akwai cewa a riƙa kula da yaron nan, ya sha wahala saboda shi.

Ya 'yan uwa, ga abin da nake so mu tafi da shi. Wannan mutumin ya goge ƙaryarsa cikin sa'a ɗaya. A wajensa ta goge. Amma abin da ka zuba wa mutum ba a hannunka yake zama ba, a randarsa yake zama, daga nan zai riƙa sha. Ta waya kwana bakwai ce. Ta mutum fa, wa ya san kwanakinta? Wa ke da yatsan da zai zubar da ita?

Kuma ɓarnar ba ranar Laraba ta fara ba. Ta fara ranar da aka ce masa ƙofarka a buɗe take, ya yi dariya. Wanda aka ba amanar aiki, ya san inda aikin yake da rami, ya bar ramin, ya riga ya ci rabin amanar ko bai taɓa komai ba. Mai gini ne, mai ɗinki ne, mai haɗa magani ne, mai rubuta wa na'ura umarni ne, duk ɗaya. Ka sa matata tun babu mai ganinka. Ka rufe ƙofar tun ba ka da bukatarta, domin ranar da bukata ta zo ba za ka rufe ba. In kuwa ka riga ka shiga, to ka faɗa tun kuna biyu a cikin riga, tun mai hakkin yana iya jin ka.

Na ga Injiniya kwanan baya. Yana zaune a kan gadar nan da ƙarfe bakwai na safe, ƙafafunsa na lilo a kan ruwa. Sabon mai ƙofa ya zo ya duba waya ya juya ƙarfe, bai ce masa ya tashi ba, an saba. Na yi masa sallama ya amsa da kyau. Ba mahaukaci ba ne. Na tambaye shi me yake jira. Ya ce ba komai. Ruwan ranar na Wutsiya ne, ya bi shi da ido har ya sha kwana.

Ya Allah, ka nuna mana ƙofofin da muka bari a buɗe, ka ba mu ikon rufe su da hannunmu. Kada ka bar ƙaryarmu ta kwana a zuciyar wanda ya yarda da mu. Ka sa mu nemi yafiya tun ana iya yafe mana. Ka jiƙan Jaji. Shi ma wancan bawan naka, kai ka san hanyar da mu ba mu sani ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mutane daga gare mu. Amin.